Bin Sawun Mahaukaciyar Guguwa: Halakar Galbeston ta 1900 da Abin da Ya Biyo Baya

1.0 Gabatarwa

Ranar Asabar, 8 ga watan Satumba, 1900, wata mahaukaciyar guguwa ta taso daga Tekun Meksiko ta afka wa birnin Galbeston na Jihar Teksas, a ƙasar Amurka. Kafin gari ya waye ran Lahadi an rasa rayuka tsakanin 6,000 zuwa 12,000, galibin masana tarihi kuwa sun fi tsayawa a kan 8,000. Har yau ɗin nan babu wani bala'i na iska ko ruwa ko girgizar ƙasa da ya taɓa cin mutane masu yawan haka a Amurka.

A wannan takarda za a bi sawun guguwar tun daga inda aka fara ganinta har inda ta faɗa, a dubi waɗanda aka ɗora wa aikin sa mata ido da yadda suka yi da labarin da ya zo hannunsu, sa'an nan a dubi mutanen da ta tarar a kan hanya. Daga baya za a leƙa guguwar Katrina ta 2005 domin kwatanci. Abin da nake so in gabatar wa mahalarta taro shi ne, ƙarfin iska shi kaɗai bai isa ya bayyana yawan gawawwaki ba. Kafin iska ta iso, labarinta yakan riga ta, labarin nan kuwa yana da masu riƙe da shi. Akwai wanda aka yarda ya faɗe shi, akwai wanda aka toshe wa baki, akwai kuma wanda ko ya ji ba shi da abin da zai hau ya gudu.

A Hausa, guguwa ita ce iskar nan ta bazara mai murɗawa, wadda kan kwashi ƙura da karmami ta yi sama, ta mutu cikin 'yan mintoci. Wadda ake magana a kanta a nan a teku ake haihuwarta, faɗinta yakan kai mil 300 ko fiye, takan yi mako biyu tana tafe. Mutanen asali na tsibiran Karibiyan suna ce mata hurakan, daga bakinsu Sifaniyawa suka ɗauki sunan suka kai Turai. Gidajen rediyo masu watsa Hausa sun saba da cewa mahaukaciyar guguwa, wannan sunan za a bi.

2.0 Mafarin Guguwa

Duk wanda ya yi damina a ƙasar Hausa ya san hadari daga gabas yake haɗowa ya nufi yamma. Masana yanayi sun gano cewa wannan tafiya tana da tsari. Zafin hamadar Sahara a arewa da sanyin gaɓar Gini a kudu su ke haddasa wata iska mai ƙarfi a can sama, mai busowa daga gabas, ita kuwa takan yi lanƙwasa-lanƙwasa kamar igiyar ruwa. Kowace lanƙwasa tana tafe da tarin hadari, daga wajen tsaunukan Habasha da Darfur, ta ratsa Cadi da Nijar da arewacin Nijeriya da Mali, ta faɗa Tekun Atlantika ta wajen Senegal. Da damina duk kwana uku zuwa biyar sai ɗaya ta fita, watau kimanin 60 a shekara. Yawancinsu a teku suke mutuwa. Amma in ɗaya ta tarar ruwan teku ya yi ɗumi, ya haura digiri 26 a ma'aunin santigireti, sai tururi ya riƙa tashi yana zama girgije yana sakin zafi, zafin yana ƙara jan iska sama, nauyin iska a tsakiya yana raguwa, iskar gefe tana rugowa ta cike gurbin, juyawar duniya kuma tana murɗa ta. An ƙiyasta cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na manyan guguwoyin Atlantika ta haka suke somawa. A 1990 William Gray na Jami'ar Jihar Kolorado ya nuna cewa shekarun da damina ta yi albarka a yammacin Sahel su ne shekarun da manyan guguwoyi suka fi faɗa wa gaɓar gabashin Amurka, a shekarun fari na 1970 zuwa 1987 kuwa sun yi ƙaranci. Watau sa'ad da manomi a Damagaram ke kukan fari, mai gida a bakin teku a Fulorida yana barcinsa da minshari.

Ana kyautata zaton guguwar 1900 irin wannan ce. Wani jirgin ruwa ne ya fara cin karo da ita ran 27 ga Agusta, can gabas da tsibiran Karibiyan, tana ƙaramar iska. Ta ratsa tsibiran, ta bi ta kan Jamhuriyar Dominika ran 2 ga Satumba, ta zuba ruwa kamar da bakin ƙwarya a Kyuba, ran 5 ga wata ta fita ta arewacin tsibirin. A nan ne aka yi saɓanin da ya jawo wannan takarda.

3.0 Tsakanin Habana da Washinton

Ya kamata a tuna da kayan aikin zamanin. Babu jirgin sama, babu tauraron ɗan'adam, jiragen ruwa ba su da rediyo. Abin da mai duba yanayi ya mallaka shi ne ma'aunin nauyin iska, da idonsa, da wayar tangarahu. Da zarar guguwa ta bar tudu ta shiga teku, ta ɓace ke nan, sai fa kirdado.

A fagen wannan kirdado babu wanda ya kai mutanen Kyuba. A Kwalejin Belen ta birnin Habana, wadda limaman Katolika na ƙungiyar Jesuwit ke riƙe da ita, akwai ɗakin duba yanayi. Fada Benito Viñes ya shugabance shi daga 1870 har rasuwarsa a 1893. Mutumin nan yakan bi wuraren da guguwa ta wuce, ya dubi inda itatuwa suka kwanta, ya tambayi manoma da matuƙan jiragen ruwa, ya rubuta. Ya lura cewa siraran gizagizan nan na can ƙololuwar sama, masu kama da saɓin auduga, sukan bazu daga cibiyar guguwa tun tana da nisan ɗaruruwan mil, saboda haka wanda ya iya karanta inda suka fito ya san inda cibiyar take. A watan Satumba na 1875 ya buga gargaɗi a jaridun Habana kafin guguwa ta iso, ta kuwa zo kamar yadda ya faɗa. Daga nan ya kafa masu kawo masa rahoto ta waya daga tsibirai dabam-dabam. Da ya rasu, Fada Lorenzo Gangoiti ya gaje shi.

A ɗaya ɓangaren akwai Hukumar Kula da Yanayi ta Amurka, wadda aka kafa a ƙarƙashin soja a 1870, aka mai da ita Ma'aikatar Gona a 1891. Shugabanta tun daga 1895 shi ne Willis Moore. Hukumar ta sha ba'a a jaridu saboda hasashen da bai tabbata ba, shi ya sa Moore ya tsani duk abin da zai tsorata jama'a a banza. Ya kafa doka cewa babu wani jami'in reshe da zai yi gargaɗin mahaukaciyar guguwa, ko ma ya ambaci sunanta a sanarwa, sai da izinin Washinton. Bayan yaƙin Amurka da Sifen na 1898, Kyuba ta faɗa ƙarƙashin mulkin sojan Amurka, Hukumar ta buɗe ofis a Habana. Jami'anta suna kallon masanan Kyuba a matsayin masu zuzuta abu, waɗanda ke duba sama da zuciya maimakon ma'auni. A ƙarshen watan Agusta na 1900, daidai lokacin da guguwar ke ratsa Atlantika, Hukumar ta sa Ma'aikatar Yaƙi, wadda ke riƙe da wayoyin gwamnati a tsibirin, ta hana aika gargaɗin yanayi na mutanen Kyuba ta waya.

To, da guguwar ta fita arewacin Kyuba, sai Washinton ta ce za ta karkata arewa maso gabas, ta bi ta Fulorida ta haura gaɓar Atlantika. Wannan hasashe yana da madogara, domin guguwoyi da yawa haka suke yi. Masanan Habana kuwa suka dubi sama suka ce a'a, tana nan cikin Tekun Meksiko, tana ƙara ƙarfi, ta miƙe yamma. Su ne suka yi daidai, domin wani tarin iska mai nauyi ya tare mata hanyar arewa. Ran 6 ga wata wani jirgi mai suna Louisiana, wanda ya taso daga Niyu Oliyans, ya faɗa cikinta, ma'auninsa ya sauka zuwa inci 28.75. Kyaftin ɗin ya san abin da ya gani, amma ba shi da hanyar gaya wa kowa sai ya kai tudu.

Kada a zarce da yabo. Mutanen Belen ba su ce Galbeston ba, ba su ce ran Asabar da daddare ba. Ilmin zamanin bai kai nan ba. Amma sun san tekun da guguwar take ciki, Washinton kuwa tana nemanta a wani teku dabam. A ganina kuskuren hasashe abin yafewa ne ga mutanen da ke aiki a makance. Abin da ba ya yafuwa shi ne toshe bakin wanda ya fi ka sani don kawai ƙasarsa tana ƙarƙashin takalmin sojanka. Girman kai rawanin tsiya, in ji Hausawa, sai dai a nan wasu ne suka naɗa, wasu suka biya.

4.0 Birni a Kan Rairayi

Galbeston tsibiri ne na rairayi, tsawonsa kusan mil 30, faɗinsa bai wuce mil 3 ba, teku a kudu, wani babban lungun ruwa a arewa tsakaninsa da tudu. Gadoji huɗu ne suka haɗa shi da sauran Teksas, uku na jirgin ƙasa, ɗaya ta keken doki. A 1900 mutanen birnin sun ɗan haura 37,000. Tashar jiragen ruwansa tana cikin manyan tashoshin fitar da auduga na Amurka, attajiransa sun gina bankuna da gidajen bulo, suna ganin birninsu ne zai zama ƙofar yammacin ƙasar. Wurin da ya fi ko'ina tudu a birnin, ƙafa 8.7 kawai ya ɗara teku.

Ba a rasa aya ba. Garin Indiyanola, wata tashar jiragen ruwa da ke kudu maso yamma a wannan gaɓa, guguwa ta rushe shi a 1875, aka sake ginawa, ta komo a 1886, mutane suka watse suka bar shi kufai. Wasu a Galbeston suka ce a gina ganuwa a bakin teku, aka yi ta magana, ba a gina ba. Har tuddan rairayin da ke bakin gaɓa, waɗanda ke ɗan tare ruwa, aka riƙa kwasa ana cike kwari don a sami filin gini. A 1891 Isaac Cline, shugaban ofishin yanayi na birnin tun 1889, ya rubuta a jaridar garin cewa tsoron wata guguwa za ta yi wa Galbeston mummunar ɓarna ruɗu ne. Hujjarsa ita ce, teku a nan ba shi da zurfi, saboda haka zai karya ƙarfin igiyar ruwa, in ma ruwa ya hau zai wuce ya bazu a tudun da ke baya. Yanzu an san akasin haka ne. Guguwa tana tura ruwan teku a gabanta, inda gaɓa ba ta da zurfi kuwa ruwan ba shi da wurin nutsewa, sai ya yi toroƙo ya hau tudu. Wannan toroƙo ya fi iska kisa nesa ba kusa ba.

5.0 Daren Asabar

Sai ran Juma'a, 7 ga wata, Washinton ta faɗaɗa gargaɗin iska ya haɗa da Galbeston, aka ɗaga tuta a kan benen ofishin yanayi. Gargaɗi ne na masu jiragen ruwa, babu wanda ya ce a bar gari. Da asubar Asabar Cline ya lura da wani abu da ya dame shi: iska daga arewa take busowa, watau tana tura teku baya, amma duk da haka manyan igiyoyin ruwa suna ta hawowa daga kudu suna shiga unguwannin bakin gaɓa. Mutanen gari sun saba da irin wannan ambaliya, yara suka fito suna wasa da katako a kan tituna, manya suka tafi kallon teku. Daga baya Cline ya rubuta cewa ya hau keken dokinsa ya bi gaɓa yana cewa mutane su koma tudu, har ya ce ya ceci dubbai. Erik Larson, wanda ya bi takardun zamanin a littafinsa na 1999, bai sami wanda ya shaida wannan zagaye ba cikin waɗanda suka tsira.

Kafin azahar ruwa ya hau kan hanyoyin jirgin ƙasa. Iskar arewa ta turo ruwan lungu ta baya, teku ya taso ta gaba, suka gamu a tsakiyar gari. Wajen ƙarfe 3:30 na yamma Joseph Cline, ƙanen Isaac kuma abokin aikinsa, ya samu ya aika saƙon ƙarshe ta tarho zuwa Hustan, cewa rabin birni yana cikin ruwa. Daga nan waya ta yanke. Jim kaɗan bayan ƙarfe 6 ma'aunin gudun iska ya nuna mil 100 a sa'a, sai iska ta fizge shi ta tafi da shi. An ƙiyasta daga baya cewa ta kai mil 140. Ma'aunin nauyin iska ya sauka zuwa inci 28.48. Wajen ƙarfe 7:30 Cline yana tsaye a ƙofar gidansa ya ga ruwa ya ƙaru da ƙafa 4 cikin daƙiƙa 4. Toroƙon ya haura ƙafa 15 a birnin da tudunsa bai kai ƙafa 9 ba.

Gidajen katako na bakin teku su suka fara faɗuwa. Ruwa ya kwashi ɓaraguzansu ya doki layin gidaje na biyu, ya haɗa ya doki na uku, har tarkacen ya zama wani tudu mai tsawon bene, ya yi mil da mil, yana tafe yana share abin da ke gabansa. Fale-falen dutsen da aka rufa gidaje da su bayan gobarar 1885 suka riƙa tashi cikin iska suna yankan mutane. Kimanin mutum 50 suka fake a gidan Cline, 32 suka mutu, cikinsu har da matarsa Cora, tana da ciki. Shi da ƙanensa da 'ya'yansa mata uku suka yi 'yan sa'o'i a kan katako suna yawo cikin duhu.

A gidan marayu na St. Mary da ke bakin gaɓa akwai yara 93 da sista 10. Da ruwa ya hau bene, kowace sista ta ɗaure wasu yara a ƙugunta da igiyar shanya don kada su ɓace mata. Yara maza uku kaɗai suka tsira. A tsallaken mashigin ruwa, a Bolibar, wani jirgin ƙasa daga Bomont ya tsaya da fasinja 95; 10 suka sauka suka shiga hasumiyar fitilar jiragen ruwa suka rayu, 85 da suka zauna a tarago suka halaka.

Tudun tarkacen nan, da ya kai wani wuri, sai ya tsaya ya zama katanga, ya kare tsakiyar gari inda manyan gine-ginen bulo suke. Wannan ya ba da amsar tambayar da akan yi, wai ko da an saurari Habana, ina za a kai mutum 37,000 ta gadoji huɗu? Ba sai an kwashe kowa ba. Da an gaya wa mazauna bakin gaɓa ran Juma'a, da bakin hukuma, cewa abin da ke tafe ya fi ambaliyar da suka sani, tafiyar mil ɗaya zuwa cikin gari ta isa ta raba da yawansu da mutuwa.

6.0 Bayan Ruwa Ya Janye

Gidaje fiye da 3,600 suka rushe. Gadoji duka sun tafi, waya ta tsinke, sai da wasu mutane suka haye da ƙaramin jirgin ruwa suka isa Hustan da asubar Litinin, 10 ga wata, kafin duniya ta ji. Guguwar kuwa ta ci gaba da tafiya, ta ratsa tsakiyar Amurka da manyan tafkuna, ta shiga Kanada, ta nutsar da masunta a wajen Niyufanlan.

Gawawwaki sun fi ƙarfin binnewa, ga zafi, ga ƙasa ta jiƙe. Aka loda kimanin 700 a kwale-kwalen dakon kaya aka kai teku aka zubar, teku ya maido su bakin gaɓa. Daga nan aka koma ƙonawa a duk inda aka same su, wuta ta yi makonni tana ci. Waɗanda aka tilasta wa lodin gawawwakin nan da bakin bindiga baƙaƙen fata ne, ana ba su barasa don su jure. Su ne kuma jaridun wasu birane suka yi wa ƙagen yanke yatsun matattu don satar zobba, labarin da masana tarihi suka nuna an kambama shi ƙwarai. Clara Barton ta ƙungiyar agaji ta Red Cross ta zo da kanta tana da shekara 78, wannan ne aikin agaji na ƙarshe da ta jagoranta a fili.

Ganuwar da aka ƙi ginawa aka gina. An fara a 1902, kashin farko ya ƙare a 1904, tsayinta ƙafa 17, tsawonta ya ɗara mil 3. Sa'an nan aka yi abin da ya fi ban mamaki: aka ɗaga birnin kansa. Aka sa jak aka ɗaga gine-gine fiye da 2,000, har da majami'ar St. Patrick mai nauyin tan 3,000, aka tsotso rairayi daga ƙarƙashin ruwa aka cusa a ƙarƙashinsu, mutane suna shiga gidajensu ta kan gadojin katako shekara da shekaru. A 1915 wata guguwa mai kusan wannan ƙarfi ta zo, waɗanda suka mutu a cikin birnin ba su kai ko kusa da 100 ba. Don gudanar da wannan aiki aka sauya tsarin mulkin birni a 1901, aka ba 'yan kwamishina kaɗan, tsarin da birane da dama suka kwaikwaya. Amma arziki bai komo ba. An sami man fetur a kusa da Bomont a Janairun 1901, aka buɗe mashigin jiragen ruwa zuwa Hustan a 1914, ciniki ya koma can. Moore ya ci gaba da riƙe kujerarsa har 1913, Cline kuwa aka ƙara masa girma aka kai shi Niyu Oliyans a 1901.

7.0 Da Ido Ya Buɗe

Makantar 1900 ta warke sannu a hankali. Jiragen ruwa suka sami rediyo. A watan Yuli na 1943 wata guguwa ta sake shammatar Galbeston, wannan karon don an hana jirage magana ta rediyo saboda tsoron jiragen ƙarƙashin teku na Jamus, hukuma kuma tana tace labarin yanayi. A cikin wannan guguwa ce Joseph Duckworth ya tuƙa ƙaramin jirgin sama da gangan har cikin cibiyarta. A 1960 aka harba tauraron ɗan'adam na farko mai ɗaukar hoton gizagizai. A 1961 guguwar Carla ta nufo Teksas, aka nuna hotonta na na'urar rada a talabijin daga ofishin yanayi na Galbeston, mutane wajen rabin miliyan suka bar gaɓa. Ta faɗa kusa da kufan Indiyanola, waɗanda suka mutu ba su kai 50 ba. Mai karatu zai ce magana ta ƙare.

Katrina ta nuna da saura. Ta haɗu a wajen tsibiran Bahamas ran 23 ga Agusta, 2005, ta ratsa kudancin Fulorida ran 25, ta shiga Tekun Meksiko, ran 28 iskarta ta kai mil 175 a sa'a. Tun daren Juma'a, 26 ga wata, Cibiyar Kula da Guguwa ta Ƙasa da ke Mayami ta ja layi a taswira ta ce kudu maso gabashin Luwiziyana za ta faɗa, can kuwa ta faɗa da safiyar Litinin, 29 ga wata. Ran Asabar da daddare shugaban cibiyar, Max Mayfield, ya buga wa gwamnoni da magajin garin Niyu Oliyans waya da kansa. Shekara guda kafin nan, a Yulin 2004, hukumomi sun yi atisaye a kan wata guguwar ƙirƙira da suka kira Pam, suka ga a takarda cewa birnin zai nutse, kuma mutane fiye da 100,000 ba su da motar fita. Babu wani Moore da ya toshe bakin kowa. Kwamitin bincike na Majalisar Wakilai ya ce a 2006 an sami gargaɗi sa'a 56 kafin faɗuwarta, amma ba a ba da umarnin dole na barin birni ba sai saura sa'a 19.

Masu mota suka fita, kimanin kashi 80 cikin 100 na mutanen birnin. Waɗanda suka rage galibi tsofaffi ne da marasa lafiya da matalauta, yawancinsu baƙaƙen fata, ga shi ƙarshen wata ne, aljihu ya bushe. Ɗaruruwan bas-bas na makarantu suna ajiye a fili har ruwa ya shanye su. Cibiyar guguwar ta bi ta gabas da birnin, toroƙon da ya fi girma, kusan ƙafa 28, a gaɓar Misisipi ya hau. Abin da ya nutsar da Niyu Oliyans shi ne katangun tare ruwa na magudanun cikin gari, waɗanda suka fashe a wurare da dama, wasu tun ruwa bai kai bakinsu ba. Rundunar injiniyoyin soja da ta gina su ta amsa a 2006 cewa akwai aibi a tsarin ginin. Kashi 80 cikin 100 na birnin ya shiga ruwa, mutane fiye da 20,000 suka yi kwanaki a babban filin wasa mai rufi na Superdome cikin zafi da ƙarancin ruwan sha, kafin a kwashe da yawansu zuwa Hustan.

An daɗe ana cewa mutum 1,833 suka mutu. A 2023 Cibiyar ta sake lissafi ta mai da adadin 1,392. Cikin waɗanda suka mutu a Luwiziyana, kusan rabi sun kai shekara 75 ko sun haura. Ƙidayar 2000 ta sami mutum 484,674 a Niyu Oliyans, ta 2010 ta sami 343,829.